Kaka, wa'adin biyan haƙƙi: abin lura a bukukuwan Yahudawa

Idan watan Satumba ya raba tsakiya, ƙasar Ƙonni takan sake kama. Daga fadamar Maggiya har zuwa Illela da Badagishiri hatsi ya nuna, wake ya soma bushewa, amalanke na shiga gari shaƙe da dami, ana gyaran rumbunan da suka wuni wayam tun bazara. Manomi na murna, amma murnar tasa da sauran magana, domin kaka ita ce wa'adin da aka ɗibar masa. Wanda ya karɓi kuɗin tiya goma a lokacin tsada ya san sai ya auna fiye da haka kafin ya fita, tun da farashi ya faɗi. Ɗan kasuwa ya buɗe littafinsa yana bin sunaye da yatsa. Ma'aikacin gomnati kuma yana lissafin komawar yara lakwal, yana tuna mai kantin da ya yi masa haƙuri wata uku. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a kaka ne yake motsi.

A cikin waɗannan makonni ne wata al'umma, wadda ba ta da ko ɗakin ibada guda a duk jihar Tawa, take zaman nata lissafin. Yahudawa na da jerin bukukuwa da ke faɗowa kowace shekara tsakanin Satumba da Oktoba: sabuwar shekara, ranar kaffara, sa'an nan bukin rumfuna. Abin da ya cancanci mai karatu ya tsaya a kansa shi ne yadda suke shirya musu. A wurinsu neman gafara yana da rana a kalanda, yana da ƙa'ida, yana da shaidu, kuma yana farawa ne daga ƙofar maƙwabci kafin ya isa ɗakin ibada.

Sunan Bayahude ba baƙo ba ne a kasuwar Ƙonni. Ana jifan mai tsananin ciniki ko marowaci da shi, alhali mafi yawan masu faɗinsa ba su taɓa haɗa ido da Bayahude ba. Rediyo kuma kusan kullum tana kawo sunan tare da na Falasɗinu. Nijar ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta maido da ita a 1996, ta sake yankewa a 2002, kuma yaƙin Gaza da ya ɓarke a Oktoban 2023 ya ci rayukan dubban dubatar Falasɗinawa. Wannan magana ce ta gomnatoci da sojoji, tana da nauyinta, kuma babu mai hankalin da zai rage mata shi. Sai dai addinin ya girmi ƙasar Isra'ila ta 1948 da dubban shekaru, kuma fiye da rabin Yahudawan duniya, waɗanda dukansu ba su kai miliyan 16 ba, a wajenta suke zaune. Wanda ya san yadda mutane ke tsayawa gaban Ubangijinsu ya san wani abu game da su da labaran yaƙi ba za su ba shi ba.

Watannin Yahudawa da ganin wata suka samo asali, kamar na Musulunci, amma suna ƙara wata na 13 sau 7 a cikin kowace shekara 19. Wannan ne ya sa bukukuwansu ba sa zagaya shekara yadda azumin Ramadan ke yi, yau cikin ɗari, bayan wasu shekaru cikin bazara. Suna nan daram a lokacin girbi. A 2025 sabuwar shekararsu ta 5786 ta kama da faɗuwar ranar 22 ga Satumba. Ta 2026 kuwa lissafi ya ɗora ta a yammacin 11 ga Satumba. Watan bukukuwan sunansa Tishri, wanda ke gabansa kuma Elul, shi ne watan shiri.

Tun daga 2 ga Elul, Yahudawan da asalinsu ya fito daga Andalus da Magarib da ƙasashen Larabawa ke tashi kafin asuba su hallara domin addu'o'in neman gafara da ake kira Selihot, kuma haka suke yi har ranar kaffara, kimanin kwana 40. A tsoffin unguwanninsu akwai mai hidimar majami'a da ke bin gida-gida yana tayar da mutane, kamar yadda mai kiɗan sahur ke yi a nan. Yahudawan da suka fito daga Turai ta tsakiya da ta gabas su kuma sukan busa ƙahon rago kowace safiya ta aiki a cikin watan, su fara nasu Selihot ƴan kwanaki kafin sabuwar shekara. Ana ziyartar kaburburan iyaye, ana ƙara sadaka. Wanda ya yi karatun allo ba zai sha wuyar gane kalmomin ba, domin Ibrananci da Larabci ƴan ɗaki ɗaya ne. Aikin watan suna kiransa heshbon nefesh, wato hisabin rai. Sadaka ita ce tsedaka. Rosh Hashana kan shekara ne, Yom Kippur kuma yinin kaffara. Tuba suna ce mata teshuba, ma'anarta komowa, kamar matafiyin da ya gane ya saki hanya ya juyo da jakinsa.

Ginshiƙin shirin duka wata ƙa'ida ce da aka rubuta a Mishna, littafin dokokinsu da aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya. Ta raba laifi gida biyu. Abin da ke tsakanin mutum da Allah, tuba da ranar kaffara suna shafe shi. Abin da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa kuwa, azumin ranar ba ya taɓa shi ko kaɗan sai mai laifi ya je ya gamsar da wanda ya cuta. Ke nan wanda ya tauye mudu, ko ya riƙe ladan lebura, ko ya ɓata sunan abokin sana'arsa, ko zai wuni yana kuka a sahun gaba, bashin na nan a wuyansa.

Malamin da ya fi kowa tsara wannan babi shi ne Musa ɗan Maimun, haifaffen Kurɗuba ta Andalus, wanda ya zauna a Fas, ya yi aikin likita a fadar Masar, ya rasu a can a 1204. A bayaninsa, mayar da dukiya shi ne mataki na farko, kuma bai wadatar ba: bayan an biya, dole a roƙi mai haƙƙi ya yafe ɓacin ran da aka sa shi. Idan ya ƙi, sai a koma masa da mutum uku daga abokansa, har sau uku. Idan ya dage bayan haka, mai roƙo ya sauke nasa nauyi, laifin ƙin yafewa ya koma kan wanda ya ƙi. Idan mai haƙƙi ya riga ya rasu, a tara mutum goma a bakin kabarinsa a amsa laifi a gabansu, a miƙa dukiyar ga magada. Ya kuma ba da ma'aunin tuba ta gaskiya: damar nan ta sake zuwa, mutum na da ƙarfin aikatawa, babu mai ganinsa, amma ya janye hannu. Ma'aikacin duwan da ya tuba bayan ya yi ritaya bai kai wanda ya tuba yana tsaye a bakin shinge, kamyo na gabansa, direba na miƙo takardu da wani abu naɗe a ciki ba.

Saboda haka a kwanakin nan ana ganin abin da ba a saba gani ba. Surukai da suka shekara ba sa gaisawa suna buga wa juna waya. Abokan ciniki suna zama su warware tsohuwar rigima. Uba na neman gafarar ɗansa. Ba kowa ke yi da zuciya ɗaya ba. A cikinsu ma akwai mai wucewa yana jefa wa kowa kalmar “a yafe mini” kamar mai raba goro, kuma malamansu sun daɗe suna sukar hakan. Amma dokar ta faɗi abin da take so: a je da ƙafa, a ambaci laifin da sunansa, a biya abin da ake biya. Zumunta a ƙafa take, haka ma neman gafara.

Ranar 1 da 2 ga Tishri ita ce sabuwar shekara. Babu harbe-harben wuta ko raye-rayen 31 ga Disamba a cikinta, domin a aƙidarsu ranar shari'a ce: ana buɗe littattafan ayyuka, a rubuta rabon kowa na shekara, a jinkirta buga hatimi har kwana goma ko mai laifi zai gyara. Ana busa ƙahon rago sau 100 a majami'a, da sautin da ya haɗa dogo da tsinkakke kamar kuka, domin farkar da wanda ya yi nisa a barci. Da dare iyali su taru kan abinci. Na Turai suna tsoma tuffa a zuma don fatan shekara mai zaƙi. Na Magarib suna jera dabino, rumman, kabewa, wake da kan rago, kowanne da addu'arsa, kayan da uwargida za ta haɗa a kasuwar Ƙonni ba tare da ta wahala ba in ban da rumman. Da la'asar wasu sukan je bakin ruwa su karkaɗe aljihunsu, alamar zubar da zunubi.

Ranar 10 ga wata ita ce Yom Kippur. Azuminta na farawa kafin faɗuwar rana ya kai har fitowar taurari washegari, kimanin awa 25, ba ci ba sha, ba wanka, ba shafa mai, ba takalmin fata, ba kusantar iyali. Da yawa sukan sa fararen tufafi masu tuna likkafani. Sallolin yinin biyar ne, kuma da la'asar ana karanta labarin Annabi Yunusa da mutanen Ninawa da suka tuba aka ɗage musu azaba. A Isra'ila filin jirgin sama na rufewa, rediyo da talabijin na gida su yi shiru, manyan tituna su zama filin kekunan yara. A wannan rana ce, 6 ga Oktoban 1973, wadda ta zo daidai da 10 ga Ramadan, sojojin Masar da Siriya suka buɗe yaƙi, shi ya sa kowane ɓangare ke kiran yaƙin da sunan azuminsa.

Abin da ya fi jan hankali a ibadar yinin shi ne amsa laifi. Jama'a na miƙewa tsaye, kowa na bugun ƙirjinsa, suna jera zunubai bisa haruffan abajada, kuma duka da bakin jam'i ake faɗinsu: mai gaskiya da maƙaryaci, attajiri da ɗan dako, kowa na cewa su ne suka aikata. A cikin jerin akwai zamba a ciniki, cin hanci, riba, gulma, rantsuwar banza da raina iyaye da malamai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hikimar jam'in ita ce mai laifi ya samu bakin faɗin abin da kunya za ta hana shi faɗi shi kaɗai, wanda bai aikata ba kuma ya amsa nasa kason, tun da cin hanci ba ya zama al'ada a biro sai da shirun waɗanda ba sa karɓa. Da rana ta yi gora sai a shiga sallar ƙarshe, ta rufe ƙofa, a busa ƙaho sau ɗaya mai tsawo, a watse a sha ruwa.

Musulmin Ƙonni ba zai ji wannan kamar labarin wata duniya ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isa Madina, ya tarar da Yahudawa na azumin Ashura saboda Annabi Musa, ya azumce ta ya kuma yi umurni da ita. Masana tarihi da dama na danganta ranar da 10 ga Tishri. Su Yahudawa suna cewa a wannan rana ce Annabi Musa ya sauko daga dutse da alluna na biyu bayan an yafe laifin ɗan maraƙin zinariya, kuma kwana 40 na shiri kwanakin da ya yi ne a bisa. Ka'idar cewa haƙƙin bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe kuwa, kowane mai wa'azi a Malbaza ko Dogarawa ya san ta.

Duk wannan ba a yin sa a kaɗaice. Dokarsu ta ce sallar jam'i ba ta tsayuwa sai da baligai goma, abin da suke kira minyan. Masu riƙon gargajiya maza kawai suke ƙirgawa, daga ɗan shekara 13, wasu ɗariƙun zamani kuma har da mata. Tara ba su isa ba ko da dukansu malamai ne, kuma na goma ko jahili ne shi ke buɗe ƙofar karanta Attaura a bainar jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa idan Tishri ya gabato, Bayahuden da ke fatauci a nesa yake neman hanyar gida ko garin da zai cika goma.

Hamadar nan ta ga irin wannan. Wajen 1860 wani malami kuma ɗan kasuwa daga Akka ta kudancin Maroko, Mardoshe Abi Serur, ya isa Tumbutu da ɗan'uwansa, ya nemi izinin zama da ciniki ya samu. Da kasuwa ta buɗe masa, abin da ya sa a gaba shi ne ya kawo dangi har suka cika adadin da za su tsayar da sallar jam'i. Zaman bai daɗe ba: an yi ta washe ayarinsa, ya karye, ya koma arewa, kuma shi ne daga baya ya yi wa Bafaranshen nan Charles de Foucauld jagora a Maroko a 1883 da 1884. Ƙarni huɗu kafinsa akwai tsohuwar al'ummar Yahudawa a Tamantit ta ƙasar Tuwat, a kan hanyar fatake, wadda wani ɗan kasuwar Italiya, Antonio Malfante, ya ba da labarinta a wasiƙarsa ta 1447. Wajen 1492 Shehu Magili, bayan doguwar jayayya da wasu malaman Magarib da ba su yarda da fatawarsa ba, ya sa aka rushe majami'arsu, al'ummar ta tarwatse. Shi ne malamin da ya biyo ta Ayar ya isa Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya je Katsina da Gao, kuma har yau ana karanta nasihohinsa ga sarakuna. Tarihin Hausa da na Yahudawan Sahara sun haɗu a kan mutum guda, kuma adalci shi ne a san fuskokin biyu. Ɗan Tumbutu Ismael Diadié Haïdara ya wallafa littafi a 1999 kan zuriyar Yahudawan garin, waɗanda suka musulunta tun da daɗewa. Maroko da ke da Yahudawa fiye da dubu 200 a shekarun 1940 yanzu ƴan dubbai kaɗan suka rage mata. A yau ana jin ƙahon rago a Tishri a Abuja, inda wasu ƴan kabilar Ibo da suka rungumi addinin ke da majami'unsu.

Kwana biyar bayan ranar kaffara, 15 ga wata, sai bukin Sukkot, wato rumfuna. Kowane gida na kafa rumfa a tsakar gida ko a bisa soro, a ci abinci a cikinta kwana 7, wasu har su kwana, domin tuna shekara 40 da kakanninsu suka yi cikin jeji bayan fitowa daga Masar, da kuma godiyar girbi. Sharaɗin rufin shi ne ya zama na tsiro da aka yanke, reshe ko kaba ko kara, inuwarsa ta fi ranarsa yawa, amma kada ya toshe har ruwan sama ya kasa shiga. An fi so a hangi taurari ta cikinsa. Duk wanda ya taɓa ganin rumfar mai gadin albasa a Galmi ya ga irinta. A ƙasar da isin ɗin Malbaza ke fitar da siminti tun shekarun 1960, inda darajar mutum ta koma yawan buhunan da ya zuba a gininsa, abin tunani ne a ce doka ta fitar da mai bene daga ɗakinsa mako guda, a daidai lokacin da rumbunsa ya cika, ta zaunar da shi ƙarƙashin kara tare da baƙi da matalauta. Ana kuma riƙe tsiro huɗu a addu'a: kaban dabino, reshen wani itace mai ƙamshi, reshen itacen bakin rafi, da wani lemo mai kaurin ɓawo da ake kira etrog. Wani kaso na wannan lemo manoma Musulmi ne ke noma shi a tsaunukan kudancin Maroko, kusa da Tarudant, ƴan kasuwa Yahudawa na zuwa saye kowace shekara. A ƙarshen bukin ana fara roƙon ruwa, domin damunar ƙasarsu ta asali da sanyi take zuwa, sa'an nan a sauke karatun Attaura na shekara a kuma koma farko nan take.

Mutanen Ƙonni ba su rasa ilimin haƙƙi ba, kuma ba su rasa ranakun yafiya ba: ana neman gafarar juna a filin idi, maniyyaci na zagaya dangi kafin ya tashi zuwa Makka, mai jinya na kiran magada ya lissafa musu basussuka. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wa'adi. Gafarar filin idi ta zama gaisuwa, ba a ambatar kuɗi a cikinta. Hajji sau ɗaya ne ga mafi yawan masu zuwa, ajali kuma ba ya aiko da takarda. Tsakanin nan, rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sun bar basussuka tsakanin ƴan canji, dillalai da fataken Ƙonni da na Sakkwato, waɗanda wasunsu suka raba zumuncin da aka gada tun kakanni. A biro-biro kuma akwai takardar gwauruwa da ta kwana biyu a aljihun tebur tana jiran abin goro.

Babu wanda ke bukatar aron addinin wani kafin ya gyara wannan. Abin da za a iya ɗauka shi ne tsarin: a sa rana a kowace shekara, a rubuta sunayen waɗanda aka cuta yadda ake rubuta na waɗanda ake bi, a fara da mayar da dukiya, a je da shaidu idan abin ya ƙi, wanda aka roƙa kuma kada ya mai da yafewa abin ciniki. Kaka ta dace da wannan aiki fiye da kowane lokaci, domin a cikinta ne hannu ke da abin biya, mai tiya da mai albashi baki ɗaya. Allah ya sa a ga kaka lafiya, ya ba mai bashi ikon biya, ya ba mai bi haƙurin jira.